Yadda Ɗalibin Jami'a a Jos Zai Shiga Gasar Kimiyyar Bayanai Ya Fito da Aikin Kirki

Gasar kimiyyar bayanai kusan tsarinta ɗaya ne a duk inda aka shirya ta. Wani kamfani, ko hukuma, ko cibiyar bincike takan kawo matsalar da ke damunta a zahiri, kamar gane wanda zai kasa biyan bashi, ko hasashen amfanin da gona za ta bayar, ko auna gurɓacewar iskar da mutanen birni ke shaƙa, sannan ta miƙa wa masu gasa tarin alƙaluman da ta daɗe tana ajiyewa. Ana raba alƙaluman gida biyu. Kashi na farko yana zuwa da amsoshinsa domin a horar da kwamfuta da shi, na biyu kuwa an ɓoye amsoshinsa, kuma a kansa ake auna wanda hasashensa ya fi kusa da gaskiya. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ɗalibin Jami'ar Jos, ko na Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos, zai shiga irin wannan gasa da kwamfutar da ke hannunsa, ba tare da jiran sai ya sayi wata mai tsada ba.

Dandali biyu ne ya kamata ɗalibi ya fara buɗe asusu a cikinsu, kuma duka kyauta ne. Na farko shi ne Kaggle, wanda aka kafa a 2010, kamfanin Google ya saye shi a 2017, kuma a nan ake samun gasa mafi girma da ƙwararru daga ko'ina a duniya. Na biyu shi ne Zindi, wanda ya fara aiki a 2018 daga Afirka ta Kudu, kuma matsalolin da ake kawowa cikinsa na nahiyarmu ne, shi ya sa na fi son sabon ɗalibi ya fi ba shi ƙarfi. Zindi ne ya fara shirya gasar UmojaHack Africa a 2020, wadda aka keɓe wa ɗaliban manyan makarantun Afirka, ake kuma kammala ta cikin ƙarshen mako guda. A gida Najeriya, ƙungiyar Data Science Nigeria ta sha amfani da irin wannan gasa wajen tace waɗanda za ta gayyata zuwa sansanin horonta, haka nan yana da kyau a riƙa bibiyar sanarwar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, da cibiyarta ta ƙirƙirarriyar basira da ke Abuja. A kowane dandali a buɗe asusu ɗaya kawai, da sunan gaskiya, domin mallakar asusu biyu laifi ne da ke sa a kori mutum daga gasa ko da shi ne ya zo na ɗaya.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, kada ranar gasa ta zama ranar da ɗalibi zai fara koyon buɗe fayil. Abin da ake buƙata kafin lokacin bai da yawa: yaren Python na rubuta wa kwamfuta umarni (wato kod) daidai gwargwado, da manhajar pandas ta sarrafa jadawali, da scikit-learn ta gina samfurin hasashe, wato tsarin lissafin da kwamfuta ke koya daga alƙaluma domin ta yi hasashe. Atisayen da aka fi farawa da shi a Kaggle shi ne na fasinjojin jirgin ruwan Titanic, inda ake ba da bayanan mutum 891 a ce a gano wa ya tsira a cikin sauran, kuma mako biyu a kansa sun isa mutum ya san yadda ake loda amsa da yadda maki ke fitowa. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi sai ya yi aiki a Google Colab ko a littafin aikin Kaggle, inda lissafin ke gudana a kan na'urorinsu, nasa kawai intanet ne. Sai dai Colab na kyauta yana yankewa idan aka bar shi ba a taɓa ba, kuma duk abin da ba a adana a Google Drive ba ya tafi ke nan.

Batun tawaga kuma, yawancin gasa a Zindi ba sa yarda a wuce mutum huɗu, kuma kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su cika guraben nan huɗu da abokan ajinsu na sashen kimiyyar kwamfuta, kowa ya iya rubuta kod amma babu wanda ya san abin da alƙaluman ke magana a kai. Idan matsalar ta noma ce, a nemo ɗalibin aikin gona. Idan ta asibiti ce, a nemo mai karatun likitanci ko aikin jinya da ke zuwa asibitin koyarwa na Lamingo. Ɗalibin lissafi ko ƙididdiga kuwa yana da amfani a kowace irin gasa. Tun ranar farko a yi yarjejeniya a rubuce kan yadda za a raba kyauta idan an samu, domin an fi jin daɗin yin wannan magana tun kuɗin bai zama gaskiya ba.

Karanta tambaya kafin a taɓa kwamfuta

Da zarar an buɗe gasa, abin farko shi ne a zauna a karanta shafin dokoki da na bayanin alƙaluma daga farko har ƙarshe, ko da zai ci awa guda. A nan ake sanin sau nawa aka yarda a loda amsa a rana, da ko an halatta ɗauko ƙarin bayanai daga waje, da kuma abin da ya fi komai muhimmanci, wato ma'aunin da za a yi hukunci da shi. Ma'auni shi ne ke faɗa wa tawaga irin kuskuren da za a yafe mata da wanda za a ci ta tara a kai, kuma wanda bai fahimce shi ba yana iya kwana yana gyara abin da alƙali bai damu da shi ba.

Bari in kawo misali biyu. A ce an ba da bayanan gonakin dankalin turawa 1,000 a Bokkos da Mangu, 50 daga cikinsu cutar ƙunar ganye ta kama su, aka ce a gano waɗanda suka kamu. Samfurin da zai ce duk gonakin lafiya lau suke zai yi daidai a kashi 95 cikin ɗari, alhali bai gano gona ko ɗaya mai cuta ba, kuma bai amfana wa manomi komai ba. Saboda haka ne a irin wannan gasa ake amfani da ma'aunin F1 ko AUC, waɗanda ke duba ko an kamo 'yan kaɗan ɗin da ake nema. Misali na biyu shi ne ma'aunin RMSE da ake amfani da shi wajen hasashen adadi kamar farashi, wanda ke ninka kowane kuskure da kansa kafin ya tara. Kuskuren naira 1,000 sau goma zai tara miliyan 10, amma kuskure guda na naira 10,000 zai ba da miliyan 100. Ma'anar wannan ita ce, a ƙarƙashin RMSE, mako ɗaya da farashi ya yi tashin gwauron zabi ba a hango shi ba ya fi makonni goma na ƙananan kurakurai tsada, don haka can ne ya kamata hankalin tawaga ya karkata.

Tsaftace alƙaluma, inda mafi yawan lokaci ke tafiya

Domin maganar ta zauna sosai, mu ɗauka gasar ta hasashen farashin kwandon tumatir ce a kasuwar Farin Gada da wasu kasuwannin Filato, mako-mako. Kafin a gina komai, a buɗe jadawalin a kalle shi da ido, layi bayan layi, aƙalla ɗari biyu na farko. Abin da za a tarar kusan kullum iri ɗaya ne. Sunan wuri guda an rubuta shi hanya uku, wani ya sa Farin Gada, wani Faringada, wani F/Gada. Barkin Ladi ta koma Barikin Ladi a wani layi, B/Ladi a wani, kuma kwamfuta za ta ɗauke su a matsayin garuruwa dabam-dabam muddin ba a haɗe su ba. Jihar Filato ƙananan hukumomi 17 gare ta, don haka idan jadawali ya nuna 23, to an san akwai aikin gyara. Kwanan wata ma yana da tarko, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, amma manhajar da aka tsara bisa al'adar Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris ba tare da ta yi gargaɗi ba. Idan kuma akwai rubutun Hausa a ciki, a tabbatar an buɗe fayil ɗin da tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffan ƙ da ɗ da ɓ za su rikiɗe su zama alamomin da ba su da ma'ana.

Sai maganar awo, wadda ɗan kasuwa ya sani amma jadawali bai sani ba. Kwando ba kilo ba ne, akwai babba akwai ƙarami, kuma buhun dankali a wannan kasuwa ba lallai ya yi nauyin na waccan ba, haka mudu da tiya. Idan farashi ya faɗi da rabi a mako guda ya kuma dawo a mako na gaba, kafin a ce kasuwa ce ta girgiza, a fara zargin cewa mai rubutawa ya sauya daga babban kwando zuwa ƙarami. Haka kuma sifili da gurbin da aka bari fanko ba abu ɗaya ba ne. Kasuwar ƙauye da ke ci sau ɗaya a mako ba ta da farashi a sauran kwanaki shida, kuma wanda ya cike waɗannan gurabe da sifili ya koya wa kwamfuta cewa tumatir kyauta ake rabawa. A ganina, sa'a biyu da ɗan tawaga zai yi a Farin Gada da sassafe yana tambayar dillalai yadda suke yanka farashi, da inda kaya ke fitowa a kowane wata, sun fi kwana biyu na sauya saitin samfuri amfani. A je da ladabi, a gaishe da shugaban 'yan kasuwa a faɗa masa abin da ya kawo mutum, kuma a guji lokacin da ake sauke kaya.

Daga irin wannan hira ne ake samo alamomin da za a ƙara wa jadawali, waɗanda su ne ke bambanta tawagar da ta san ƙasa da wadda ta kwafo kod daga intanet. Farashin kayan miya yana bin damina da rani, yana sauka lokacin da tumatirin noman rani ya cika kasuwa, ya hau idan ruwa ya sauka kayan fadama suka ƙare. Yana kuma bin azumi da sallah, kuma tun da watan Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara a kalandar Miladiyya, lambar wata kaɗai ba za ta kama shi ba, dole a ƙirƙiri alama ta musamman da ke nuna makonnin azumi da na sallah a kowace shekara, a yi wa Kirsimeti ma haka. Sannan akwai shekarun da suka fita dabam. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta lalata gonaki a Arewa har farashi ya ninka sau da yawa. A farkon 2023 an yi ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira. Ranar 29 ga Mayun wannan shekarar kuma aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi. Samfurin da aka horar da farashin 2019 zuwa 2022 bai taɓa ganin farashin bayan cire tallafi ba, kuma nau'o'in samfurin da ke aiki da rassan yanke shawara, irin su LightGBM da XGBoost da CatBoost, ba sa iya hasashen adadin da ya zarce mafi girman abin da suka gani a horo. Maganin wannan shi ne a sa samfurin ya yi hasashen yawan canji daga farashin makon jiya, maimakon farashin kansa. Idan dokar gasa ta yarda da bayanan waje, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton farashin abinci wata-wata, kundin CHIRPS yana da ƙiyasin ruwan sama tun daga 1981, hotunan tauraron Sentinel-2 kuma kyauta ne, kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar faɗin mita 10 na ƙasa.

Gina samfuri da auna shi da gaskiya

A fara da hasashe mafi sauƙi da hankali zai iya kawowa, misali a ce farashin mako mai zuwa zai zama daidai da na wannan mako, a loda shi tun awa ta farko. Wannan yana tabbatar da cewa tsarin fayil ɗin amsa daidai yake, kuma yana ba da makin tushe wanda duk wani samfuri mai sarƙaƙiya dole ya doke kafin a yarda da shi. Bayan haka sai a gwada LightGBM ko CatBoost, waɗanda a kan bayanan jadawali sukan wadatar, suna kuma gudana a kan kwamfutar cinya ta talaka cikin mintuna. Manyan samfura masu kwaikwayon ƙwaƙwalwa sai idan aikin na hotuna ne, ko sauti, ko rubutu.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne allon maki. Makin da ake gani lokacin gasa an lissafa shi ne a kan wani ɗan kaso na amsoshin da aka ɓoye, hukuncin ƙarshe kuwa a kan ragowar ake yin sa, kuma ba a bayyana shi sai an rufe gasa. Tawagar da ke loda amsa sau da yawa tana riƙe duk canjin da ya ɗaga ta a allo, a hankali takan sa samfurinta ya haddace wannan ɗan kason, kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin tambayoyin bara bai fahimci darasin ba. Na taɓa zama da wata tawaga da ta yini tana cikin goman farko, murna har kunne, amma da aka buɗe sakamakon ƙarshe sai ta tsinci kanta can ƙasa, kuma ba wani zalunci aka yi mata ba. Kariya daga wannan ita ce tawaga ta gina nata ma'aunin a gida: a raba bayanan horo kashi biyar, a horar da huɗu a gwada a kan na biyar, a riƙa karɓa-karɓa har kowane kashi ya zama na gwaji sau ɗaya, sannan a ɗauki matsakaicin maki. Idan wani canji ya ɗaga maki a allon gasa amma ya rage shi a gwajin gida, a bi na gida.

Yadda ake rabon ma yana da ƙa'ida. A bayanan da ke bin lokaci, kamar farashinmu na tumatir, ba a cakuɗa makonni a raba da ƙuri'a, domin hakan zai sa samfuri ya ga farashin Yuli sannan a tambaye shi na Yuni. A horar da shekarun baya, a gwada a kan na gaba. Idan kuma gona ɗaya ko majiyyaci ɗaya ya bayyana a layuka da yawa, duk layukansa su faɗa ɓangare guda. Akwai kuma abin da zan kira satar amsa ba da gangan ba, wato a samu wata alama a jadawali wadda ba a sanin ta sai bayan abin da ake hasashe ya riga ya faru, kamar adadin maganin feshi da aka saya a matsayin alamar gano gonar da za ta kamu da cuta. Duk lokacin da maki ya yi kyau fiye da kima farat ɗaya, a tsaya a binciki wannan kafin a yi murna, kuma idan ɓarakar daga masu shirya gasa take, a sanar da su a fili.

Kowane gwaji a rubuta shi a jadawali guda da duk 'yan tawaga ke gani: abin da aka canja, makin gida, makin allo. A tsayar da lambar ƙuri'ar kwamfuta, wato lambar da take dogara da ita wajen yin zaɓin kan-mai-uwa-da-wabi, a kan adadi ɗaya domin sakamako ya riƙa maimaituwa, a kuma ajiye kod a ma'ajiyar GitHub ta sirri, saboda raba kod da wata tawaga a ɓoye ya saɓa wa doka. Game da wuta da intanet, kowa a Jos ya san halin da ake ciki, don haka a tanadi layukan waya biyu na kamfanoni dabam-dabam, a san wurin da ke da sola ko janareta da za a koma, kuma amsar ƙarshe ta shiga aƙalla awa biyu kafin rufewa. A duba ma da agogon wace ƙasa aka sa wa'adin, domin agogon Najeriya yana gaban na GMT da awa ɗaya. Galibi ana ba tawaga damar zaɓar amsa biyu da za a yi mata hukunci da su. Ɗaya ta kasance wadda ta fi maki a gwajin gida, ɗayar kuma ta bambanta da ita a tsari, don kada kuskure guda ya kayar da duka biyun.

Idan bayanan na mutane ne, kamar na marasa lafiya ko masu karɓar bashi, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe su, kuma dokokin gasa kan hana amfani da su a wajen gasar. Kada a tura fayil ɗin a zauren WhatsApp na aji, kada a ɗora shi a ma'ajiyar da kowa ke gani, kada kuma a yi ƙoƙarin gano ko wane ne mai wani layi.

Waɗanda suka zo kan gaba akan nemi su miƙa kod ɗinsu cikin ɗan gajeren wa'adi domin a sake gudanar da shi, kuma idan bai fitar da makin da ke allo ba, kyautar takan koma ga na bayansu. Saboda haka tun kafin a rufe gasa, wani ɗan tawaga da ba shi ya rubuta kod ɗin ba ya buɗe shi a wata kwamfuta dabam, ya gudanar da shi daga layin farko zuwa na ƙarshe, ya ga ko fayil ɗin amsa ya fito iri ɗaya. A rubuta sigar kowace manhaja da aka yi amfani da ita, da tsawon lokacin da aikin ke ɗauka.

Wasu gasa, musamman waɗanda ake yi a harabar jami'a, suna ƙarewa da gabatarwa a gaban alƙalai, sau da yawa cikin mintuna kaɗan. A nan kada a ɓata lokaci wajen lissafa sunayen manhajoji. A faɗi matsalar, a faɗi makin hasashe mai sauƙi da aka fara da shi da kuma yadda aka zarce shi, sannan a mayar da makin zuwa abin da mai kaya zai gane, misali a ce hasashenmu yakan kauce wa farashin gaskiya da naira kaza a kowane kwando. A nuna watannin da samfurin ya fi yin kuskure da dalilin haka, domin alƙalin da ya san aikinsa zai tambaya ko ba a faɗa ba. Tambayar da ke biye da ita kusan kullum ita ce ta yaya hasashen zai isa ga manomin Mangu da ba ya riƙe da babbar waya, don haka tawaga ta shigo da amsarta a shirye, ko ta gajeren saƙon waya ne da Hausa, ko ta shirin rediyo, ko ta hannun malamin gona, tare da ƙiyasin abin da hakan zai ci a wata da kuma wanda zai ci gaba da tattaro farashin kowane mako bayan an watse daga gasar.